An Ɗauki Yatsun Kowa, Saura Na Ɓarawo

Daren Litinin 9 ga Satumban 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Kafin hantsi ruwa ya mamaye manyan unguwannin Maiduguri. Ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu, ya kutsa gidan ajiye namun daji har aka riƙa gargaɗin jama'a su yi hattara da kadoji da macizai. Cikin gine-ginen da ruwan ya kayar wa katanga har da gidan yarin birnin. Da aka natsa aka yi ƙidaya, hukumar gidajen gyaran hali ta ce fursunoni 281 ba a gan su ba. Sanarwar ta zo da maganar da kunnuwanmu suka riga suka saba da ita: hukuma tana da hotunansu da zanen yatsunsu, kuma an sanar da sauran jami'an tsaro.

Mun ji irinta a Afrilun 2021, da aka fasa gidan yarin Owerri mutum 1,844 suka fice. Mun sake jin ta a Yulin 2022, bayan mayaƙan ISWAP sun far wa gidan yarin Kuje da ke gefen Abuja, fursunoni 879 suka tsere, cikinsu har da 64 da ake tsare da su kan alaƙa da Boko Haram. Ministan cikin gida na wancan lokaci, Rauf Aregbesola, ya sha nanata cewa an riga an ɗauki shaidar jikin waɗanda suka gudu, don haka ba su da maɓoya.

To, mu ƙaddara ɗaya daga cikin mutanen Maidugurin ya samu ya sauya kaya, ya shiga motar haya mai zuwa Kano. Tsakanin Damaturu da Potiskum aka tsayar da motar a shinge. Kofur ya haska tocila, ya bi fuskoki goma sha takwas da kallo. Me ke hannunsa da zai gaya masa cewa na kujerar baya, mai hula zanna, shi ake nema? Bindiga ce a kafaɗarsa, sai oba-oba in an yi sa'a tana da caji, sai wayarsa da ya sa wa kati da kuɗin aljihunsa. Zanen yatsun yana can lafiya lau cikin wata kwamfuta a Abuja. Yatsun kuma ga su nan gaban kofur, mai su ya cusa su cikin aljihun riga. Abin da babu shi ne hanyar da za ta haɗa waɗannan biyun kafin a ce wa direba ya wuce.

Sau shida, a ofis shida

Kwanakin baya na zauna na ƙirga sau nawa aka taɓa ɗaukar yatsuna. Na banki, don lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Fabrairun 2014. Na rajistar layin waya, wadda aka fara tun 2011. Na katin zaɓe. Na fasfo. Na lasisin tuƙi. Sai na lambar ɗan ƙasa, NIN. Sau shida ke nan, a ofis shida, kowanne da layinsa na zaman jira, kowanne kuma da rumbunsa. Ɗalibi zai ƙara da na JAMB, ma'aikacin gwamnatin tarayya ya ƙara da na tsarin biyan albashi, ɗan gudun hijira a Borno ya ƙara da wanda ƙungiyoyin agaji ke ɗauka kafin a rubuta sunansa cikin masu karɓar abinci. Ba na jin an taɓa yin wani zamani da aka san yatsun talakan ƙasar nan kamar yanzu.

Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, wadda dokar 2007 ta kafa don ta zama uwar rumbunan nan duka, ta daɗe tana tafiyar hawainiya. A Disamban 2020 ne gwamnati ta ce duk layin wayar da ba a haɗa shi da NIN ba za a rufe shi, sai ga jama'a sun yi cincirindo a ƙofar ofisoshinta tun asuba, ana tsakiyar korona. A Afrilun 2022 aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70. Zuwa 2023 masu lambar sun haura miliyan 100.

Hujjar da aka ba mu kullum ita ce tsaro. Ita ce ma hujjar tarar da ta girgiza kasuwar sadarwa a Oktoban 2015, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar sama da naira tiriliyan 1, wato naira 200,000 a kan kowane ɗaya daga cikin layuka sama da miliyan 5 da kamfanin bai yanke ba alhali rajistarsu ba ta cika ba. Daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 330. Shugaba Buhari da bakinsa ya danganta irin waɗannan layuka da ɓarnar Boko Haram.

An yi rajistar, an haɗa layukan, amma duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ya san yadda cinikin fansa ke tafiya: ta waya, sau da yawa, mako da makonni, wani lokaci har da wasa da dariya daga can ɓangaren. A Janairun 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari, tsohon ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda a hannunsa aka fara haɗa layi da NIN, ya fito ya ce tsarin ba shi da laifi, jami'an tsaro ne ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Tun farkon 2022 shi ɗin dai ya sanar cewa shugaban ƙasa ya amince hukumomin tsaro su riƙa duba rumbun NIMC.

Akwai gaskiya a maganarsa, amma ba duka ba ce. Rajista tana ɗaure layi ne da suna, ba ta ɗaure shi da hannun da ke riƙe da wayar. Ɗan bindiga ba ya bin layi a ofishin rajista. Wayar wanda ya sace yake kira da ita, sunan da zai fito a kwamfuta sunan wanda ke ɗaure a gindin bishiya ne. Ko ya yi amfani da layin wani da aka kashe, ko wanda aka yi wa rajista da lambar wata tsohuwa da aka ce mata tallafi za a ba ta. A garuruwan bakin iyaka kuma sabis ɗin Nijar na kamawa. Ko da an gano turken da kiran ya bi, wannan ya nuna yanki ne kawai, sai an samu waɗanda za su shiga dajin Rugu ko Sububu ko Kamuku da ƙafafunsu. Katse sadarwa gaba ɗaya da aka yi a Zamfara a Satumban 2021, aka kuma faɗaɗa zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, ni a wurina amsa laifi ne a fakaice: da ana iya tsamo layin mai laifi shi kaɗai, da ba a rufe na miliyoyin marasa laifi ba.

Rumbun da ya kamata ya cika

Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. Duk rumbunan da na lissafa na masu bin doka ne, waɗanda suka kai kansu da ƙafarsu. Rumbun da ɗan sanda ya fi buƙata shi ne na waɗanda suka taɓa shiga hannu: wa aka kama, a ina, kan wane laifi, me kotu ta yanke. Wannan rumbu yana nan da sunansa, babban ofishin rajistar masu laifi na rundunar 'yan sanda da ke Alagbon a Legas, wanda masu neman fita waje suka sani saboda takardar shaidar kyawun hali. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ba ta bar wani duhu ba. Sashe na 15 ya ce duk wanda aka kama a rubuta bayaninsa, har da tsawonsa da hotonsa da cikakken zanen yatsunsa. Sashe na 16 ya tanadi babbar rajista, da reshe a kowace jiha, ya kuma ce a aika da hukuncin kotu cikin kwana 30. Sashe na 29 ya ɗora wa Sufeto Janar aika wa ministan shari'a bayanan kame duk wata uku.

A takarda ke nan. Wanda ya taɓa raka wani caji ofis a ƙaramar hukuma ya san abin da ke kan kanta: babban littafi, biro ɗaure da zare, da allo a bango mai sunayen waɗanda ke bayan kanta. Sunan da mutum ya faɗa shi ake rubutawa. Wanda aka kama da satar babur a Funtuwa da sunan Sani zai iya zama Lawal a Zariya wata uku bayan haka, ya tsaya gaban alƙali a matsayin wanda bai taɓa laifi ba, lauya ya roƙa masa sassauci, a kuma yi masa.

Mu a ƙasar Hausa wannan matsala ta fi yi mana nauyi, domin sunayenmu ba sa rarrabe mu. Musa Ibrahim nawa ne a Kano kaɗai? Aisha Muhammad nawa? Mutum ɗaya shi ne Abubakar a makaranta, Garba a gida, Habu a kasuwa, Bukar in ya je Borno. Wani ya ɗauki sunan uba, wani na kaka, wani na gari. Ranar haihuwa kuwa, dubi yawan waɗanda takardunsu suka ce an haife su ranar 1 ga Janairu, ka san cewa magatakarda ne ya zaɓa musu. A irin wannan ƙasa, neman mutum da suna neman allura ne cikin ruwa.

Kakanninmu suna da nasu tsarin, kuma ya yi aiki a zamaninsa. Askar wanzami ce ke rubuta asalin mutum a fuskarsa, da ganin tsagar an san Bagobiri, an san Bakabe, an san Babarbare. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san masaukinsa, mai masauki kuma shi ke amsa tambaya in wani abu ya ɓace. Mai bin sawu yakan dubi ƙasa ya ce wannan ƙafar mai ɗingishi ce, kuma da kaya a kansa. Dogarai da 'yan doka, kafin a haɗe su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960, sun san ɓarayin garinsu da iyayensu. Duk wannan rumbu ne, sai dai a ƙwaƙwalwar mutane yake. Birni ya girma, mota ta rage nisa, an daina tsaga, rumbun ya watse ba a maye gurbinsa ba.

Yadda na'urar ke gane yatsa

Malamai sukan jawo hankali ga aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama, inda aka ambaci gaɓoɓin ƙarshen yatsu, don nuna cewa akwai wani sirri a halittarsu. Shigar yatsa aikin hukuma kuwa daga Indiya ta faro, ƙarƙashin mulkin Ingila. A 1858 wani jami'i, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila a Bengal ya dangwala tafin hannunsa a kan yarjejeniya don kada ya musa. A 1892 aka samu laifin kisan kai na farko da aka gano mai shi ta zanen yatsa, a Ajantina. A Kalkata ne wasu 'yan sanda biyu 'yan ƙasa, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, suka yi aikin lissafin da ya ba da damar jera dubban katuna yadda za a iya zaƙulo ɗaya. Tsarin ya fita duniya da sunan ubangidansu, Edward Henry, wanda ya kai shi Scotland Yard a 1901. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da kwamfuta ke yi yau jikan wancan aiki ne. Ba hoto take ɗorawa kan hoto ba. Tana bin layukan fatar yatsa ta tsinci wuraren da layi ya ƙare da wuraren da ya rabu biyu, ta auna nisansu da inda suka fuskanta, ta mayar da su taswirar lambobi. Daga nan tambaya iri biyu ce ake iya yi mata, kuma bambancinsu babba ne. Ta farko: wannan mutum ya ce shi wane ne, haka ne? Ita ce tambayar banki da ta rumfar zaɓe, yatsa ɗaya ake gwadawa da rajista ɗaya. Ta biyu: ga zane, na wane ne cikin miliyoyi? Ita ce tambayar ɗan sanda, kuma ta fi wuya nesa ba kusa ba, musamman in zanen daga wurin aika-aika aka ɗago shi, rabi ne, ya goge, ko ya hau kan wani. A nan na'ura ba ta cewa ga shi. Jerin waɗanda suka fi kama take fitarwa, sai ƙwararre ya zauna ya duba da idonsa.

Ma'ana, sayen na'ura shi ne mafi sauƙin aikin. Ana buƙatar wanda zai killace wurin da aka yi ɓarna kafin 'yan kallo su tattaɓa komai, da mai ɗago zanen, da ƙwararren da zai tsaya a kotu, da wuta, da intanet. Mun ga yadda babban sayayya ke ƙarewa: kwangilar dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE na China a 2010, don kafa kyamarori a Abuja da Legas da hanyar sadarwa ta musamman ga 'yan sanda, yawancin kuɗin kuma bashi ne. Turakun sun tsaya a bakin titi, an sace batura da faifan sola, 'yan majalisa suka yi ta zaman bincike. A yau hoton wanda ake nema ya fi saurin yawo tsakanin jami'ai ta WhatsApp, a wayoyinsu na kansu, inda ba mai iya sanin wa ya gani, wa ya tura wa wa.

In ya tsallaka iyaka

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500. Daga Illela zuwa Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Kongolam zuwa Matamaye, harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Ɓarawon shanu ya fi kowa sanin haka. Ɗan sandan Najeriya na rubuta rahoto da Ingilishi, jandarman Nijar na rubuta nasa da Faransanci, mai laifin kuma yana jin Hausar kowa.

Don toshe wannan kafa aka ƙirƙiro shirin musayar bayanan 'yan sanda na Afirka ta Yamma, WAPIS, wanda a Nijar ake kira SIPAO. An faro shi a 2012 da kuɗin Tarayyar Turai, Interpol ta gudanar da shi, ƙarƙashin inuwar ECOWAS. Nijar na cikin ƙasashen gwaji na farko tare da Mali da Benin da Ghana. Tsarin hawa uku ne: kowace ƙasa ta mayar da takardun 'yan sanda da jandarma da kwastan cikin rumbu guda, rumbunan su riƙa magana da juna a matakin yanki, sannan a jona su da layin Interpol da ake kira I-24/7, wanda ya haɗa ƙasashe 196 da hedikwatar da ke Lyon a Faransa. A kan iyakoki kuma akwai MIDAS, na'urar hukumar ƙaura ta duniya, mai ɗaukar yatsu da fuskar matafiyi.

Ba don Allah kaɗai Turai ta buɗe jakarta ba. Hankalinta na kan hanyar Agadas da matasan da ke bi ta Libiya, shi ya sa na'urar ƙirga matafiya ta fi saurin isowa kan ta kama ɓarayin shanu. Sannan siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, a Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, watanni kaɗan bayan haka Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Kowace ƙasa na nan da kujerarta a Interpol, wayar ba ta tsinke ba. Sai dai musayar sirri aikin yarda ne, kuma gwamnatocin da ke zargin juna da ɗaure wa 'yan ta'adda gindi ba sa gaggawar buɗe wa juna rumbu.

Ko inda babu gaba ma, rumbu ba ya tambayar kansa. Ranar 8 ga Maris 2014, mutum biyu suka hau jirgin Malesiya mai lamba MH370 da fasfo na sata, ɗaya na ɗan Ostiriya, ɗaya na ɗan Italiya, duka an sace su a Tailan. Lambobin fasfon suna cikin rumbun Interpol tun kafin ranar. Ba wanda ya duba. Bincike ya nuna matasan Iraniyawa ne masu neman shiga Turai, ba su da hannu a ɓacewar jirgin, amma abin ya tona cewa ƙasashe ƙalilan ne ke taɓa wannan rumbu kullum.

Ranar da na'ura ta nuna wanda ba shi ba

Duk da haka, kada a ɗauka ina kiran a jona komai da komai ido rufe. Labarin Brandon Mayfield ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a Maris 2004, wanda ya kashe mutum sama da 190, 'yan sandan Sifen suka ɗago zanen yatsa a jikin wata leda mai ɗauke da kayan tayar da bam, suka raba shi ta Interpol. Kwamfutar FBI ta fitar da sunaye 20. Ƙwararru uku na hukumar suka tsaya kan na huɗu, wani lauya a jihar Oregon, tsohon soja, wanda ya musulunta. 'Yan sandan Sifen suka ce zanen bai yi daidai ba, FBI ta kafe. Aka tsare shi mako biyu, sai Sifen ta gano mai yatsan na gaskiya, wani ɗan Aljeriya. Binciken ma'aikatar shari'ar Amurka ya ce ba addininsa ne ya jawo kuskuren farko ba, amma da alama ya taimaka wajen hana jami'an sake tunani. A 2006 gwamnati ta ba shi haƙuri da diyyar dala miliyan 2. Wannan fa FBI ce, da kuɗinta da ƙwararrunta. Shi kuma lauya ne, a ƙasar da jarida ta tsaya a kan maganarsa. A nan, inda wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi, wa zai saurari ɗan acaɓan da ya ce kwamfuta ta yi masa ƙarya?

Fuska ta fi yatsa haɗari, kuma fuskarmu ta fi ta kowa. A 2019 hukumar auna ingancin fasaha ta Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska 189. Ta gano cewa da yawansu sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da na Gabashin Asiya, wasu har ninki 10 zuwa 100 idan aka kwatanta da fuskokin Turawa. A Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata, Robert Williams, a ƙofar gidansa gaban matarsa da 'ya'yansa, kan satar agoguna da bai san da ita ba, saboda manhaja ta haɗa hoton lasisinsa da wani dishi-dishin hoton kyamarar kanti. Ya yi kusan awa 30 a tsare.

Akwai kuma waɗanda na'ura ba ta ganinsu sam. Manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsa, birkila, mai wanki, tsohuwar da fatarta ta saki. Duk wanda ya bi layin rajista ya ga ana ce wa dattijo ya goga yatsa a goshi ya sake ɗorawa. JAMB takan gargaɗi ɗalibai mata su guji ƙunshi kafin rajista da jarrabawa, domin lalle na hana na'urar karantawa. A zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar Shugaba Jonathan kansa a Otuoke. Shi an san shi, aka nemi wata hanya. A shingen soja da tsakar dare, wanda na'ura ta ƙi karɓa sunansa abin zargi.

Sai batun wanda aka ba ajiya. A 2024 masu bincike suka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya. Ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce da naira 100 ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani, don ta nuna girman ɓarakar. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da haka ne, bayanan sun fita ta wata ƙofa, kuma wannan ya faru ne bayan an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Lambar sirri ta banki in ta fita sai ka sauya. Yatsu goma gare ka, su ke nan har kabari. A Afganistan, na'urorin da sojojin Amurka suka yi shekaru suna ɗaukar yatsu da ƙwayar idon jama'a da su sun faɗa hannun Taliban a Agustan 2021. A 2022 wasu masu bincike a Jamus suka sayi irin wannan na'ura a eBay kan dala 68, suka tarar da bayanan mutum 2,632 a cikinta ba a goge ba. Rumbu ya fi gwamnatin da ta gina shi tsawon rai, kuma ba ya zaɓen magaji.

Indiya, wadda ke da rumbun Aadhaar mai mutum sama da biliyan 1, ta zaɓi raba gari: dokar 2016 ta hana miƙa zanen yatsu da na ido da ke cikinsa ga kowa, kuma hukumar da ke kula da rumbun ta sha mayar da buƙatar 'yan sanda. Sai ƙasar ta gina wa 'yan sandan nasu rumbun daban, na waɗanda aka kama, ta ƙaddamar da shi a 2022. Ana iya jayayya kan ko ta yi tsauri da yawa. Ni dai na fi ganin hikima a wannan jeri fiye da namu, inda aka fara da tara yatsun masu sayen layin waya, aka bar na waɗanda aka kama da bindiga a hannu sai wani jiƙon. Tun 2023 NIMC ta koma ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, gida ɗaya da hukumar shige da fice da ta gidajen yari. 'Yan sanda kuwa suna wata ma'aikatar, kotunan jihohi suna wani wurin, kuma hukuncin da alƙali ya yanke a Gumel ko Argungu sai wani ya ɗauke shi ya shigar kafin ya zama bayani.

Akwai wani caji ofis da nakan wuce ta gabansa. A tsallaken titi wani saurayi yana zaune ƙarƙashin lema, da teburin roba da ƙaramar na'ura mai koren haske da ba ta kai girman sabulu ba. In ka zo sayen layi sai ya karɓi lambarka, ya ɗauki fuskarka, ya ce ɗora yatsa, ya jira sabis. Kafin ka gama shan ruwan leda amsa ta dawo, ta ce kai ne ko ba kai ba ne. Rannan ina tsaye wurinsa aka shigo da wani matashi cikin ofishin, hannu ɗaure da igiyar babur, jama'a na biye. Ta taga ina hango sajan ya jawo babban littafin nan, ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya gwada biron a gefen takarda.

"Kai, yaya sunanka?"

Yaron ya ɗan yi jim, ya dubi silin, sannan ya faɗi wani suna. Sajan ya rubuta.